Itatuwa Bakwai a Bakin Rijiya

Birnin Katsina, unguwar masaƙa, cikin watan Azumi, shekara ta 1287 bayan Hijira.

Da sunan Allah. Daga Sallau mai haƙar rijiya zuwa ga taubashiyarsa Uwale, a Dakoro. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ina gajiya, ina azumi, yaya yara? Ki gaishe mini da Baba Ɗangoggo, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mana uba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da ɗansa Jimrau. Ki gaishe da Malam Sha'ibu, wanda na san shi zai karanta miki takardar nan, ya yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya saba da dagi ba ya jin alƙalami. Mu nan lafiya lau muke. Mai ɗakina Azara ta yi fama da haƙori da damina, wanzami ya cire shi, ta samu sauƙi, surutun dai bai ragu ba. Ɗanmu Mamani ya zama saurayi, yana saƙa tare da maƙwabta.

Intalla mai ayari ya iso da raƙumansa, ya ba ni cukun da kika aiko da jakar hatsi daga gonar mahaifina. Azara ta yi fura da shi. Wallahi Uwale, da aka sha ruwa kurɓi ɗaya na yi na ajiye ludayin. Sai na gan ni tsaye a gefen gonar nan, yashi yana ƙona mini ƙafa, karangiya ta cika mini wando, ke kuma kina bisa dakali kina korar tsuntsaye kina zagina wai na shanye miki nono. Har karangiyar nake kewa, ki ji wannan wauta. Ina kewar rijiyarmu ma, da takarkari yana tafiya da igiya har ya yi nisa kafin guga ya leƙo. A nan gaba shida ka tarar da ruwa. In na ce musu tamu gaba arba'in ce sai su yi dariya, su ce mutanen arewa ba su iya ƙarya kaɗan ba.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san ni na haƙa wa unguwar nan rijiyarta. To, ruwan da ke zuba in mata suna ɗiba ya mai da lungun caɓi, ga garu tsirara hagu da dama, babu inuwa ko ta tsayuwar jaki. Abin ya daɗe yana damuna. Bara waccan wani falke da ya fito daga Nufe ya sauka a unguwar, da wasu sanduna bakwai naɗe a jiƙaƙƙiyar tabarma. Wani attajiri ya yi masa saƙonsu, ya zo ya iske attajirin ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba. Zai zubar na ce ya ba ni. Ba saiwa, ba ganye, kauri kamar damtsen mutum, in ka karya sai farin ruwa ya fito irin na tumfafiya.

Na je na nemi izinin mai unguwa Tanimu, ya ba ni. Na kafa su a jere daga bakin rijiya zuwa ƙofar masallaci, na yanka 'yar magudana ruwan da ke zuba ya riƙa bi ta gindinsu, na kewaye su da ƙaya. Masaƙa suka yi ta yi mini tsiya, wai Sallau ya shuka taɓare, baɗi zai girbe turame. Duka bakwai suka kama.

Bana suka yi fure. Uwale, ban taɓa ganin irinsa ba. Fari tas, tsakiyarsa rawaya, ya fi na gauɗe girma, ƙamshinsa da sassafe har cikin masallaci. Na san abin da za ki tambaya, to ba ya 'ya'yan ci, ba a san shi da magani ba, akuya ma ba ta kula shi. Kyau kawai gare shi. Ba mu san sunansa ba, mutanen unguwa ɗan Nufe suke ce masa. Yanzu mata daga wasu unguwanni suna baro rijiyoyinsu su zo tamu, masu yi mini dariya kuma sun matso da masaƙarsu kusa. Lungun da ake tsallake shi da ƙyama ya zama wurin hira. Nan da shekara goma, in da rai, kawunansu za su haɗe, in shimfiɗa buzuna a ƙarƙashi in tsufa cikin ƙamshi. Ga fure ɗaya na sa miki a cikin takardar, ki shaƙa ki ji abin da baƙauya ba ta sani ba.

Batun zuwa gida, bana ma bai yiwu ba, ina da rijiya biyu a hannu. Baɗi in Allah ya yarda. Ki ci gaba da noma gonar kamar yadda na bar miki aro. Allah ya sada mu da alheri.

*

Dakoro, bayan Salla ƙarama, shekara ta 1287.

Daga Uwale zuwa ga Sallau, da alƙalamin Malam Sha'ibu. Na amsa gaisuwarka, ina miƙo tawa.

Muna lafiya. Baba gwiwoyi sun sa shi gaba, sai da sanda yake fita. Ni idona na hagu yana ruwa tun kaka, amma ina gani. Ka ce da Azara Allah ya ƙara sauƙi, ta ji da surutunta, shi ya rage mata na gida.

Sallau, ka yi ɓarna da hannunka. Na kira Malam gidana, mu biyu kaɗai, don in faɗa maka yadda aka yi ba a kan idon kowa ba.

Ka manta yadda ake karatun takarda a garin nan? Takarda daga Katsina ba kullum take zuwa ba. Malam ya buɗe ta a zaurensa bayan la'asar, gari duka ya taru, Baba yana kan buzunsa, Jimrau yana bakin ƙofa. Da aka zo wurin taɓare an yi dariya har da masu riƙe ciki. Furenka ya zaga hannu-hannu. Ya iso mana baƙi ƙirin, ya yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, Baba ya shaƙa ya ce shi warin sirdin raƙumi yake ji. Har nan komai daɗi.

Sai Malam ya karanta inda ka ce za ka shimfiɗa buzunka ka tsufa a ƙarƙashinsu. Jimrau ya ce, “Malam, maimaita wurin nan.” Malam ya maimaita. Baba ya ce, “Da hannunsa ya ce ya dasa?” Aka ce da hannunsa.

Birni ya wanke maka kai ne, ko kuwa zurfin rijiya? Kai da aka haifa a nan, ka san baƙo ba ya dasa icce. Wanda aka ba wuri aro yana shuka abin da zai girbe ya tafi. Ran da ya haƙa rami ya sa icce, ya faɗa wa duniya nan ne gidansa, nan za a binne shi. Kai kuma ba ɗaya ka dasa ba, bakwai, har da magudana.

Baba ya ce mutum ba ya gida biyu. Tun da ka kafa a can, gonar mahaifinka ta koma gidan da ta fito, Jimrau zai karɓa. Na miƙe na ce ai a hannuna ka bar ta. Jimrau ya ce, “Ke a wa? Dangantakarki da shi sai an zauna an ƙirga.” Na ce masa kakana Kalla da kakarka Rahamatu ciki ɗaya suka fito, in bai iya ƙirga biyu ba ya zo in koya masa. Malam ya ce kada a rubuta wannan, na ce ya rubuta. Amma gaskiyarsa ce, Sallau, ba ni da gado a gonar nan. Kalmarka kaɗai nake da ita.

Na roƙi Baba har da kuka. A ƙarshe ya ce ya ba ka zuwa ruwan shuka na farko. Ko ka zo da ƙafarka ka tsaya a gonarka, ko ka sare itatuwan nan a gaban Intalla ya zo ya ba da shaida. In ruwa ya sauka ba ɗaya daga cikin biyun, shi ke nan.

Bari in tuna maka, tun da ka iya mantuwa. Cin rani ka ce za ka, shekarar da mijina ya rasu, ka ce in noma gonar kafin ka dawo da damina. Shekara goma sha biyu ke nan. Da ita na ciyar da marayu uku har na aurar da biyu. Gawon da mahaifinka ke hutawa a ƙarƙashinsa iska ta kayar da shi a shekara ta huɗu, tun daga nan babu inuwa a gonar. In rana ta take, zanena nake ratayawa a kan hauya in sa kaina. Ba don ban iya haƙa rami ba. Don gonar ba tawa ba ce, kuma mai ita yana zuwa baɗi. Ni ina nan rana tana dafa ni don in tsare maka haƙƙinka, kai kana can kana yi wa garin mutane ado da iccen da akuya ma ta raina.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma na san ka, tun muna yara bakinka ke riga hankalinka. Na ce wa Baba magana ce kawai ta fita. Ka ɗauki gatari ka nuna musu ban yi ƙarya ba. Intalla zai tashi jibi. Allah ya kai shi lafiya, ya kawo mini amsa.

*

Dakoro, watan Cika-ciki, shekara ta 1288.

Daga Uwale zuwa ga Sallau. Gaisuwa, in har kana karɓar gaisuwar mutanen ƙauye.

Muna raye. Zafi ya yi tsanani, rijiya ta ja baya, awaki biyu sun mutu mini.

Wata uku ke nan ba kai ba labarinka. Intalla ma ba a ji ɗuriyarsa ba. Wannan na ba wani mai kanwa da zai bi ta Katsina, ban san shi ba, ya ce zai tambayi unguwar masaƙa.

Jimrau ya fara zagaya gonar yana duba iyaka. Ya yi magana da Fulani su kwantar da shanunsu a gefen gabas don taki, ko sallama bai yi mini ba. Da na tare shi sai ya ce, “Uwale, ki bar wahalar da kanki, shirun nan ai amsa ce.” Mata a bakin rijiya sun daina tambayata labarinka, suna kallona da tausayi, wannan ya fi zagi ciwo.

Gatari ɗaya, hantsi ɗaya, ya ishe ka. Mutumin da ke fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa ba zai ce mini sanda bakwai sun gagare shi ba. In kuwa ƙamshin ka zaɓa, ka faɗa mini da bakinka in san inda zan nufa da autana kafin hadari ya haɗo. Ban cancanci shiru daga gare ka ba. Ni ce na ɗauke ka a baya daga gona har gida ran da kunama ta harbe ka, kana ihu kamar ana yanka ka, ban faɗa wa kowa ba sai yau da Malam ya ji.

Iyakar abin da zan ce ke nan.

*

Birnin Katsina, farkon watan Gani, shekara ta 1288.

Da sunan Allah. Daga Sallau zuwa ga Uwale. Gaisuwa, da neman gafara kafin komai.

Muna lafiya, na ji na awakinki, Allah ya mayar da alheri. Yaya idon?

Ba shiru na yi miki ba. Takardarki ta biyu ta riga ta farko zuwa. Mai kanwa ya kawo mini ita, na karanta sau uku ban gane komai ba. Wane gatari? Me ya haɗa Jimrau da gonata? Na ce wa Azara ko dai tsiyar taubasai ce, ta ce wannan ba muryar wasa ba ce. Kwana tara ina juya takardar nan. Sai ga Intalla, ya rame, raƙumansa duk ƙazwa. Hanya ta ɓaci tsakanin Maraɗi da nan, ya zauna a Tasawa yana jiran ta lafa. Da na karanta ta farkon, abinci bai shiga bakina ba ranar.

Zan faɗa miki komai yadda ya faru, ko da zai ƙara ɓata miki rai.

Na fara cewa zan taho. Na ce wa Azara ta haɗa kaya. Ta dube ni ta ce, “Malam, ni tun shekara ta biyar na daina ɗaure kaya. In za mu, mu je, amma ka tambayi ɗanka.” Na tambayi Mamani. Ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da na ce shi zai yi, amma shi bai tuna Dakoro ba sai wata farar akuya. Shekararsa huɗu muka taho. Bai taɓa yin damina guda da hauya a hannu ba. Ni kuma da nake cika baki, ƙuguna ya tafi a cikin rijiyoyin mutane, yanzu daga sama nake nuna wa masu haƙa inda za su sa dagi. Ban taɓa rubuta miki wannan ba saboda kunya.

Sai na ce to, gatari. Washegari da hantsi na kira Intalla ya zo ya gani, na wasa gatarina na fita. Yanzu ne lokacinsu, ba ganye ko ɗaya, fure kawai, ƙasa ta yi fari daga rijiya har masallaci. Mata na ɗibar ruwa, da suka gan ni suka saki guga. Akwai wata tsohuwa, Aisata, kullum takan tsince waɗanda suka faɗo ta kai wa masu jego su sa a ɗaki. Ta ce, “Sallau, icen girki ne ya ƙare? Zo in ba ka nawa.” Na nufi ƙaramin cikinsu, na ƙarshen jere, na sara sau ɗaya. Farin ruwan nan ya biyo ƙotar har hannuna. Na ɗaga zan ƙara, hannun ya ƙi.

Ina tsaye haka mai unguwa Tanimu ya zo, an kira shi. Bai yi faɗa ba. Ya ja ni gindin garu ya ce in faɗa masa. Na faɗa masa duka, na ce mutanenmu sun fahimci maganata a baibai, sun ɗauka na zauna ke nan, alhali ni ado kawai na yi wa lungu. Sannan ya ce, “Sallau, ran da ka zo neman izinin dasa sandunan nan, kana fita na ce wa liman mutumin arewan nan ya zama namu. Har addu'a aka yi. Unguwa duka ta sani. Na ɗauka kai ma ka sani.”

Uwale, ashe Dakoro ta sani, Katsina ta sani, matata ta sani, ni kaɗai nake cewa baɗi. Malam Sha'ibu bai yi kuskuren karatu ba, Baba bai yi kuskuren fahimta ba. Abin da na rubuta shi ne abin da ke raina, ban dai taɓa juyowa na kalle shi ba. In na sare su, Intalla zai kai shaida, gona ta zauna da sunana, ki ci gaba da rataya zane a kan hauya kina jiran mutumin da ba zai zo ba. Na yi miki haka shekara goma sha biyu ban sani ba. Ba zan ƙara ko ɗaya ina sane ba.

Ba zan dawo ba. Ga shi na rubuta. Ina son garin nan namu fiye da yadda zan iya faɗa. Ba ranar da ba na tuna kwarin Tarka in ya yi kore, da kukan igiya a bakin rijiya, da muryar mahaifina yana kiran salla a gona shi kaɗai. Amma a nan za a binne ni.

Yanzu ga abin da na yi. Baba da bakinsa ya ce gonar tawa ce har ruwan shuka ya sauka. To, tun tana tawa, na ba ki ita kyauta, daga iyakar gabas har ta yamma, ke da 'ya'yanki, ba aro ba. Na faɗa a gaban liman da mai unguwa da Intalla, liman ya rubuta a takarda dabam, ga ta nan haɗe da wannan. A karanta ta a zauren da aka karanta waccan, gari duka ya ji. Ki ce da Baba ya yafe mini, ban yi don raina shi ba. Jimrau yana da gonaki uku, ke ba ki da ko ɗaya.

Intalla ya bar kayansa a nan, zai taho da raƙumi ɗaya don ya riga hadari. Ban san ko zai riga shi ba. Tun jiya nake kallon gabas. Ki dasa abin da kika ga dama, Uwale. Ki yafe mini.

*

Dakoro, bayan an yi girbi, shekara ta 1288.

Daga Uwale zuwa ga ɗan'uwana Sallau, da alƙalamin Malam Sha'ibu. Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Azara da Mamani.

Idon ya warke. Baba yana nan, ya ƙara tsufa da daminar nan. Hatsi ya yi kyau bana, wake ne tsutsa ta taɓa. Ka ce ƙugunka ya tafi, sai yanzu ka ga damar faɗa. Na ba Intalla man shanu da saiwar da Baba ke shafawa, ka sa Azara ta riƙa murza maka.

Na daɗe ban amsa ba. Wannan karon ba hanya ba ce, ni ce na kasa.

Intalla ya riga ruwa da kwana biyu. Ya shigo gari da azahar, raƙumin yana kumfa, hadari ya riga ya fara leƙowa. Lokacin Jimrau ya gaji da jira, ya binne iri a busasshiyar ƙasa a gefen gabas inda shanu suka kwana. Aka taru a zauren Malam. Na roƙi Malam ya karanta ta liman kawai, taka ya bar mini, haka aka yi. Jimrau ya tashi ya ce wannan wayo ne, an ba mutum hanya biyu ya ƙirƙiro ta uku. Baba ya ce ya zauna. Ya juya wurin Intalla ya ce, “Da kunnenka ka ji?” Ya ce da kunnensa. Ya ce, “Itatuwan fa?” Intalla ya ce, “Sara ɗaya ya yi, Baba, ya yar da gatarin.”

Baba ya ce kyauta ta tabbata, mai abu ya ba da abinsa tun yana nasa. Jimrau ya girbe abin da ya binne bana, daga baɗi ya fita. Sannan ya ce, “To, ɗan yayana ya tafi ke nan,” ya miƙa hannu aka tashe shi. Bai fito ba sai bayan kwana uku. Ya ce in gaya maka ya yafe. Jimrau bai gaishe ni ba duk damina, ran da aka gama ɗaurin dami ya aiko mini da ɗaya, na karɓa.

Mata suka biyo ni gida da guɗa, wai Uwale ta yi gona. Na ce su yi wa Allah su tafi. Da suka watse Malam ya karanta mini taka. Na yi kuka, Sallau, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina. Autana yana ta tambaya me ya faru, ba mu muka ci ba? Ban san yadda zan faɗa masa ba. Duk shekarun nan ina zaginka, amma kowane rani ina share filin da bukkar mahaifinka take, don kada ka zo ka iske ciyawa. In na hango ayari daga kudu sai in tsaya ina ƙirga mutanen ciki. Muddin gonar aro ce, akwai ranar da za ka zo ka karɓa, mu zauna in faɗa maka duk abin da na tara maka. Ka ba ni gona ka ɗauke mini wannan. Na gode, Allah ya saka maka, 'ya'yana ba za su yi yunwa ba. Amma da za a tambaye ni, da na zaɓi in ci gaba da zama 'yar aro.

Ban ce ka yi kuskure ba. Gara da ka faɗa.

Da damina ta yi tsaka na tono 'yar kurna a bayan gari, na kai ta inda gawon ya faɗi. Da rana tsaka na haƙa ramin, mutane suna wucewa suna gani, ba wanda ya hana ni. Ta kama. Ba ta kai gwiwata ba tukuna, ba na jin zan sha inuwarta sosai, amma tawa aƙalla ana cin 'ya'yanta, ka faɗa wa ɗan Nufenka. Wanda ka sara fa, ya rayu? Ka rubuto mini. In ya rayu ka riƙa ƙara masa ruwa, ba shi ya yi laifin ba.

Abu ɗaya ya rage, na so in bar shi, Malam ya ce tun da na fara in ƙarasa. Shekaranjiya ina dawowa daga rumbu na ji wani makiyayi yana kwatanta wa baƙo hanyar rijiya. Ya ce, “Ka miƙe, in ka wuce gonar Uwale sai ka yi dama.” Tun ina yarinya gonar Sa'adu ake ce mata. Mahaifinka ya rasu ba a canza ba, ka tafi ba a canza ba. Na buɗe baki in gyara masa, sai na ga ba abin gyarawa. Sunan mahaifinka ya fita daga bakin mutanen garin nan, Sallau. Kai ka fitar da shi, ni na taya ka. Na tsaya a wurin har suka yi nisa, sannan na ɗauki ƙwaryata na tafi gida.

Allah ya jiƙansa, ya tsare ku a inda kuke. Amin.